Kwanan Otal A Kan Kushewar Masaƙa

 

Akwai wani sabon yayi da ya shigo wa matasa ta cikin wayoyin hannu, wanda ya kamata a tsaya a dube shi da idon basira tun kafin ya zauna da gindinsa. Yayin kuwa shi ne na hotunan wasu otal-otal na ƙasashen waje waɗanda aka gina a cikin tsofaffin masana'antu. Za a ga bangon jan bulo an bar shi ba shafe, ga bututun ƙarfe sun gilma ta saman ɗaki, ga wani tsohon inji an goge shi an girke a zaure an haska masa fitila kamar amarya. Baƙo zai biya kuɗi masu kauri domin ya kwana a daidai wurin da leburori suka yi shekaru suna zubar da gumi, ya tashi da safe ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya. Samari kuwa suna ta miƙa wa juna waya a majalisa suna cewa, "Kai, mutanen nan sun iya!" Har ma a sami mai cewa ina ma a yi wa Kakuri irin wannan gyara.

Kaduna ma ba a bar ta a baya ba wajen ƙawa. Duk wanda ya zaga Unguwar Rimi da Malali da tsofaffin unguwannin Turawa da ke arewacin kogi, zai ga yadda ake rushe gidajen da, ana tayar da otal a gurbinsu, da gilasai masu ɗaukar ido da fitilu kala-kala da janareta mai kwana yana ruri. Akwai ɗakin da kuɗin kwanansa ɗaya ya kai, ko ma ya wuce, mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Amma duk da haka sai a sami saurayi ɗan Unguwar Shanu ko Badarawa ko Tudun Wada, wanda gidan ubansa bai fi tafiyar keke ba daga wurin, ya yi wata biyu yana tara kuɗi, ko ya ci bashi, domin kawai ya kwana a irin wannan ɗaki ranar da ya kira ranar haihuwarsa, ya ɗauki hoto a kan gado da farin tawul a kafaɗa, a san shi ma ya waye.

To, ga wata 'yar jarrabawa mai sauƙi ga duk ɗan uwan da ya sami kansa a irin wannan ɗaki. Kafin ya kwanta, ya ɗaga gefen zanen gadon nan fari tas, ya nemi 'yar takardar da aka ɗinka a jikinsa, ya karanta sunan ƙasar da aka saƙa shi. Ya duba tawul, ya duba labule, ya duba rigar mai kawo masa abinci. Da wuya ya ci karo da sunan Kaduna. Alhali kuwa yana kwance ne a garin da aka taɓa yi wa laƙabi da garin masaƙu, garin da yadinsa ya tufatar da Nijeriya har ya tsallaka maƙwabta. Idan wannan bai hana shi barci ba, to lallai akwai abin da ya mutu a zuciyarsa.

Yawancin matasan yau ba su riski wancan zamani ba, saboda haka wajibi ne a tuna musu. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri, kudu da kogi. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar nan. A shekarun 1960 sai wasu suka biyo baya: Nortex, da Arewa Textiles wadda aka yi da haɗin gwiwar mutanen Japan, da UNTL ta wasu 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong. Ga kamfanin ƙera makamai na DICON tun 1964, ga kamfanin haɗa motocin Fijo da ya fara aiki a 1975, sannan matatar mai ta zo a 1980. Masaƙun nan suna aiki ne dare da rana, rukuni na tashi rukuni na shiga. Da asuba za a ga kekuna da babura da motocin ma'aikata sun cika gada, daga Kawo da Unguwar Kanawa da Tudun Wada da Rigasa, kowa ya nufi bakin aikinsa. Da wannan albashi aka gina gidaje a unguwannin nan, da shi aka biya kuɗin makaranta, da shi aka yi aure, da shi wasu suka sauke farali. Masallatai da makarantun Islamiyya nawa ne a arewacin Kaduna waɗanda da karo-karon ma'aikatan masaƙa aka ɗora musu kwano?

Yau fa? Duk mai son ganin amsa ya bi ta shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, ya haye gada, ya nufi Kakuri. KTL ta rufe ƙofa a 2002. Nortex da Finetex da Arewa suka bi sahu a 'yan shekarun da suka biyo baya. UNTL, wadda ita ce uwa ma ba da mama, ta rufe a 2007 ta sallami dubban ma'aikata, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma ko kusa da yadda take a da ba. Ciyawa ta cinye harabobi, rufi ya yaye, injunan da aka sayo da dukiyar talakawan Arewa suka yi tsatsa a tsaye. Mafi muni, tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekara da shekaru suna bin kuɗinsu na sallama, har aka shiga shekarun 2020 ana jin kukansu a jaridu da gidajen rediyo, alhali masaƙar mallakar jihohin Arewa 19 ce. Da yawansu sun koma ga Mahaliccinsu ba su ga ko kwabo ba, sun bar zawarawa da marayu da takardun shaida a cikin leda.

Ruwa ba ya tsami banza. Masaƙun nan kashe su aka yi, kuma an san makaman da aka yi amfani da su. A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi shirin SAP bisa shawarar IMF da Bankin Duniya, darajar naira ta faɗi warwas, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka gagari kamfanoni. A 1995 Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, WTO, aka buɗe ƙofa ga kayan waje ba tare da an shirya wa na gida kariya ba. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, a garin da matatar mai take. Sannan ga fasa-ƙwauri ta iyakokin Nijar da Benin, inda ake shigo da atamfar Sin wadda aka kwaikwayi zanen ta gida aka buga mata tambarin ƙarya, tana wucewa ta gaban jami'an da aka ɗauka domin su tsare ta. Manomin auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi da ya ga babu mai saye, sai ya koma masara da waken suya. An yi ta shelar agaji: asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, da hanin da Babban Banki ya yi a 2019 na ba masu shigo da yadi kuɗin waje. Amma duk wanda ya je Kakuri ya san tusa ba ta hura wuta.

A ina ake zama a tattauna duk waɗannan? A otal! Nan ne abin dariya da abin kuka suka haɗu. Za a kama babban zaure mai sanyi a arewacin kogi, a rataya ƙyalle mai ɗauke da taken farfaɗo da masana'antun Arewa, manyan baƙi su iso cikin shaddar gezna da aka saƙa a Ostiriya, a karanta ƙasidu da Turanci, a ci kaji, a raba alawus a cikin ambulan, a watse. Babu wanda zai ce a haye gada a je a gani da ido, balle a kira tsohon masaƙi guda ɗaya a ba shi abin magana. Kuɗin da za a kashe a taron kwana biyu ya isa ya sallami magidanta da dama daga cikin masu bin bashi. Haka aka mayar da mutuwar masaƙu ita kanta wata sana'a da wasu ke ci da ita.

Masu sha'awar wancan yayi na ƙasashen waje ya kamata su san tarihin abin da suke yabo. Birnin Manchesta na Ingila, wanda samari suka sani da ƙwallon ƙafa, asalinsa garin masaƙu ne. Domin ciyar da injunansa aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902, wadda ta zo ta kakkafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da sauran garuruwa, jirgin ƙasa yana kwashewa zuwa teku. Wato da gumin kakannin matasan nan aka gina wani sashe na wancan birni. Da masaƙunsu suka mutu, sai suka mayar da na unguwar Ancoats gidajen kwana na masu hali, wani katafaren ɗakin ajiyar yadi kuma ya zama otal ɗin Britannia a 1982. Haka aka yi a birnin New York, inda wata masana'anta ta 1901 ta koma otal a 2012, haka kuma a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda rumbun hatsi na bakin teku ya zama otal na alfarma a 2017. Sai dai Ingila ba ta rufe masaƙunta ba sai da ta gama tatsar duniya, ta tara dukiya, ta koma ƙera jiragen sama da magunguna da hada-hadar kuɗi, tana kuma ba wanda ya rasa aiki ɗan abin da zai riƙe kansa. Wanda ya ƙoshi ya mayar da tsohuwar tukunyarsa abin ado, wannan daban. Wanda yunwa ke ci kuma ya fasa tasa tukunyar domin ya kwaikwaye shi, wannan sai a yi masa addu'ar samun lafiya.

Misalin da ya fi kusa da Kaduna shi ne na Bombay ta Indiya, wadda yanzu ake kira Mumbai, garin da matasa suka sani ta finafinai. A 1982 ma'aikatan masaƙu kimanin 250,000 suka shiga yajin aiki a can. Masu masaƙun suka ƙi sauraronsu, yawancin masaƙun ba su sake farfaɗowa ba, daga baya kuma aka gane cewa filin da masaƙa take a kai ya fi masaƙar kanta tsada. Sai aka shiga sayarwa. A harabar masaƙar Phoenix aka gina katafaren rukunin kantuna da otal ɗin St. Regis mai hawa da yawa. 'Ya'yan masaƙan da suka raya unguwar kuwa, tsadar haya ta kore da yawansu zuwa bayan gari, wanda ya rage sai dai ya zama mai gadi a ƙofar wurin da ubansa ya yi aiki. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, in ji Hausawa, sai a shafa wa naka ruwa. Kayan haɗin wannan miya duk sun hallara a Kaduna: ga manyan filaye a kwance, ga masu kuɗin da ke neman inda za su binne dukiya, ga mahukuntan da ba su ɗauki haƙƙin lebura a bakin komai ba.

Mai karatu zai iya tambaya, shin otal haramun ne? A'a. Musulunci addini ne da ya girmama matafiyi, har ya sanya shi cikin mutum takwas da ake ba zakka idan guzurinsa ya yanke, ya kuma sanya wa baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku. Musulmi sun gina masaukai na waƙafi a kan hanyoyin fatauci da na aikin Hajji tun Turai tana cikin duhu. A ƙasar Hausa ma akwai zango da Sarkin Zango, akwai fatoma mai saukar da fatake, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu shaida. Duk garin da ake zuwa dole ya tanadi wurin saukar baƙi, kuma ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai jinya da ya kama ɗaki domin buƙata bai yi laifi ba, matuƙar wurin ba matattarar giya da alfasha ba ne. Abin lura shi ne, zango a da yana rayuwa ne a gefen kasuwa da marina da maƙera. Fatake suna sauka a Kano ne domin akwai abin da Kano ta saƙa ta rina wanda suke so. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ba da labarin yadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Masauki bawan sana'a ne. Idan aka wayi gari sana'ar ta mutu masauki ya zama shi ne sarki, to me baƙon ya zo saye?

Wani kuma zai ce, ai otal ma yana samar da aikin yi. Gaskiya ne, kuma babu mai raina mai shara ko mai wanki ko kuku da ke neman halalinsa. Allah Ya yi wa nemansu albarka. Amma a yi lissafi da adalci. Otal komai girmansa mutum nawa zai ɗauka? Masaƙa guda ɗaya tana ɗaukar dubbai a cikin harabarta, a bayanta kuma akwai wata runduna da ba a gani: manomin auduga, da mai gurza, da mai matse angurya ya fitar da mai, da direban babbar mota, da dillalin Kantin Kwari, da tela, da mai tuwo a bakin ƙofa, da mai gidan haya. Sannan yaron da ya shiga masaƙa yana fitowa da ilimin inji da lantarki da sinadarai, wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa ko bayan ya bar aiki. Masaƙa tana karɓar auduga ta mayar da ita dukiya. Otal kuwa yana jiran wanda ya riga ya sami kuɗi a wani wuri ya zo ya kashe, kuma a garin da ba a ƙera komai, kowa ya san daga inda irin waɗannan kuɗi suke fitowa: baitulmali, da kwangilar da ba a yi ba, da siyasa.

Wannan ne ma ya sa masu kuɗin wannan zamani suka fi son gina otal a kan kafa masana'anta. Masana'anta tana son haƙuri na shekaru, tana son wuta tsayayya, tana son a yi hulɗa da ƙungiyar ƙwadago, kuma bankin da ke ba da bashi da riba mai yanka wuya ba ya jiran auduga ta nuna. Otal kuwa gini ne a kan fili, filin yana ƙara tsada ko ɗakunan sun kwana babu kowa, kuma babu mai iya ƙidaya baƙin da suka kwana, saboda haka wuri ne mai sauƙin wanke dukiyar da ba a son a tambayi asalinta. Ba a ce duk mai otal haka yake ba. Akwai masu gumin kansu. Amma tsarin jari-hujja da riba da aka ɗora wa al'ummar nan, shi ne yake saka wa mai sayar da barci, ya hukunta mai saƙa tufa. Tsarin da aka gina a kan saɓa wa Allah ba zai haifar da adalci ba, kamar yadda ba a shuka ƙaya a girbi dawa.

Kuma ko ƙawar da ake ruɗar matasa da ita, ina take kaiwa? Kaduna tana da darasi a tsakiyarta. An gina otal ɗin Durbar domin bikin FESTAC na 1977, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, aka tara dawaki da makaɗa da baƙi daga ko'ina cikin duniya. A zamaninsa babu irinsa a Arewa. Daga baya ya faɗa cikin rigimar mallaka da shari'a, ya yi shekaru a rufe ya zama kango, har gwamnatin jiha ta rushe shi a farkon 2020. Hamdala, wanda ya taɓa zama masaukin manyan Arewa tun zamanin Sardauna, yau samari nawa ne ke ambatonsa idan ana lissafin wuraren yayi? Wanda ake rububi a bana, baɗi wani zai shafe shi. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Adawa, yadda Annabi Hudu (AS) ya zarge su da gina manyan alamomi a kan tuddai domin wasa da alfahari, kamar waɗanda ba za su mutu ba. Ya kuma ba da labarin Ƙaruna, ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son duniya suka yi ta burin ina ma su ne, har ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, sannan suka farga. Saurayin da ke leƙen gilasan otal yana haɗiyar yawu ya duba da kyau ya ga a wane sahu yake tsaye.

Akwai kuma wata hasara da ba a cika faɗa ba. A cikin masaƙa, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo suna tsaye ne a gaban inji ɗaya, ƙungiyarsu ɗaya, kukansu ɗaya, sun san wanda ke danne musu haƙƙi. Da aikin ya soma ƙarewa, gari ya cika da majiya ƙarfi marasa abin yi, sai aka sami itacen hura wuta a araha. Rikicin 2000 da na 2002 sun ci rayukan talakawa ta kowane ɓangare, suka mayar da kogin Kaduna iyaka, Musulmi suka tattaru a arewa, Kiristoci a kudu, gadar da ma'aikata ke hayewa da asuba ta zama abin tsoro a ranar tashin hankali. Su kuwa manyan da ke cin ribar rabuwar, a zauren otal ɗaya suke haɗuwa su ci abinci, babu mai tambayar wani addininsa. Talaka ne kaɗai aka bar wa gaba.

Shari'ar Musulunci ba ta wasa da haƙƙin ma'aikaci. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a biya ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya sa mutum aiki, aikin ya kammala, ya hana shi lada, yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Gumin ma'aikatan Kakuri ya bushe, wasunsu ma ƙasa ta rufe musu ido. Saboda haka duk wani gini na ƙawa da za a ɗora a kan filin masaƙar da ba a sallami ma'aikatanta ba, gini ne a kan zalunci, ko da an shafe shi da zinari. Wanda ya je ya kwana a ciki yana dariya yana ɗaukar hoto, ya san cewa a kan kushewa ya shimfiɗa tabarmarsa.

To, mene ne abin yi ga matashi Musulmi? Na farko, ya tsarkake niyyarsa game da dukiyarsa. Idan tafiya ta kama shi ya nemi masauki mai tsabta da mutunci daidai ƙarfinsa, inda zai tsai da sallarsa ba tare da kiɗa da warin giya sun dame shi ba. Amma cin bashi domin kwanan riya a garin da yake da ɗakin kwana, wannan almubazzaranci ne, kuma Alƙur'ani ya danganta almubazzarai da shaiɗanu. Kuɗin dare ɗaya a irin wancan ɗaki ya isa jarin fara wata ƙaramar sana'a, ko kuɗin makarantar ƙaninsa na zango guda.

Na biyu, 'yan uwa su nemi tsofaffin ma'aikatan masaƙu da ke unguwanninsu. Suna nan a sahun gaba na masallatai, wasu suna gadi, wasu suna tura baro da furfurarsu. A zauna da su a ji tarihi daga bakinsu, a rubuta, a san zawarawa da marayun waɗanda suka rasu, a sa su cikin lissafi idan ana rabon zakka da taimako. Ɗalibai su shirya su haye gada su je Kakuri su gani da idonsu, domin gani ya kori ji.

Na uku, a koma ga sana'ar hannu ba tare da jin kunya ba. Annabi Dawuda (AS) sarki ne, amma daga aikin hannunsa yake ci, yana ƙera sulke. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Ya shahara a tarihi cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ɗauki raya masu sana'a a matsayin aikin shugaba. A nan arewacin kogi ga Panteka, inda matasa ke narka ƙarfe suna ƙera injin niƙa da tukwane da kayan gyara da hannunsu, ba tare da wani ya shirya musu taro a otal ba. Ga teloli a Kasuwar Barci. Ga sashen koyon fasahar saƙa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Yaron da ya fito daga Panteka da baƙin mai a riga ya fi amfani ga al'umma sau dubu a kan wanda ya fito daga otal da hoto a waya.

Na huɗu, a buɗe baki a yi magana, a masallaci da makaranta da duk inda ake sauraro, cikin hikima da tsari: kada a sayar ko a sauya wa filin wata masaƙa manufa sai an biya duk wanda ke bin ta haƙƙi, shi ko magadansa, kuma filin da aka ware domin sana'a a bar shi ga sana'a. Idan injunan da sun tsufa, a raba harabar ga masu ƙira da masu ɗinki da masu rini, a ba su wuta. Gwamnonin Arewa da suka gāji waɗannan kadarori amana ce a wuyansu, kuma za a tambaye su.

Al'ummar da ba ta saƙa abin da za ta rufe tsiraicinta, har likkafanin da za ta binne mamatanta sai an kawo mata daga wata ƙasa, ba ta da dalilin yin taƙama da laushin gadon otal. Zanen gadon nan da aka ce ɗan uwa ya ɗaga ya duba, ranar da aka karanta sunan Kaduna a jikinsa, aka kuma tabbatar an biya wanda ya saƙa shi, ranar ce baƙo zai kwanta a garin nan da haƙƙinsa. Kafin wannan rana, abin da ya dace da matashi shi ne ya rage barci.

Allah Ya jiƙan ma'aikatan da suka rasu suna jiran haƙƙinsu, Ya isar wa marayunsu, Ya farkar da matasan al'umma daga ruɗin ƙawar duniya, Ya kuma kawo ƙarshen zalunci da azzalumai.